Gyara ko Sauyi: Yadda Ake Gane Esi Ya Gama Aikinsa a Zafin Kebbi

Babu lokacin da ya kai tsakiyar watan Afrilu muni wajen yanke shawara a kan iyakwandishan, wato esi. A Birnin Kebbi da Argungu zafin wannan wata yana haura digiri 40, bango ya sha rana ya riƙe zafinta har bayan isha'i, yara ba su yi barci ba, maigida ma haka. Duk abin da mai gyara ya faɗa a irin wannan hali, "to" za a ce masa. In ya ce a zuba gas, sai a zuba. In ya ce kwamfireso ya ƙone, sai a nemo wani. In ya ce a sayi sabo, sai a ci bashi a saya, a daidai lokacin da kowa ke nema kuma mai shago ba ya ragi. Wannan shawara ta watan Janairu ce ko farkon Fabrairu, lokacin da hunturu bai gama janyewa ba, masu gyara na zaune bakin shago, kai kuma kana da natsuwar yin tambaya da jiran amsa.

Shekaru kaɗai ba hujja ba ne. Akan ce esi mai ɓangare biyu, na ciki da na waje, yana kai shekara 10 zuwa 15 in ya samu kulawa, amma wannan lissafi ne na inda wuta take tsaye kuma ƙura ba ta da yawa. Akwai tsoffin National na taga da suka girmi wasu daga cikin masu zama a ɗakin, suna ƙugi amma suna ba da sanyi. Akwai kuma ɗan shekara 4 da rabin wuta ta riga ta gama da shi. Abin da za a bincika shi ne wane sashe ya gaza, me ya gazar da shi, kuma nawa esin ke ci kowane dare.

Kafin a yanke masa hukunci

A fara da wanki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma esi ya fi komai na ɗaki tara ta. Ragar da ke bayan murfin na ciki kowa na iya zare ta ya wanke da ruwa, kuma a garuruwanmu duk sati biyu bai yi yawa ba. Wanda ake mantawa da shi shi ne na waje. Siraran ƙarafan da ke bayansa da gefensa, ta nan zafin ɗakinka ke fita. In ƙura da ganyen dogon yaro da yanar gizo suka toshe su, zafi ba shi da hanyar fita, kwamfireso ya yi ta zafi har ya kashe kansa, ya huce, ya sake tashi. Alamar wannan ita ce esi mai sanyi da dare, amma da azahar sai iska kawai. A kashe wuta daga bireka, a wanke ƙarafan da ruwa mai matsakaicin ƙarfi, a kiyaye kada a lanƙwasa su, a kuma kiyaye akwatin wayoyi.

Bayan wanki sai awo. Ma'aunin zafi na hannu ya isa. A kunna esin, a rufe ƙofa, a ba shi minti 15 zuwa 20, sannan a auna iskar da ke shiga ta samansa da wadda ke fitowa ta bakinsa. In bambancin ya kai digiri 8 zuwa 12, esin yana aikinsa. In kuwa haka ne amma ɗakin ya ƙi sanyi, to laifin na ɗakin ne: rufin kwano ba silin, ko silin da ya ɓule, ko taga mai kallon yamma ba labule, ko ƙofar da ba ta rufuwa. Mai irin wannan ɗaki ko sabon esi dal ya saya, kukan nan dai zai sake yi. Kuɗin da zai kashe gara su fara tafiya kan silin da labule mai kauri da rumfa a bangon yamma. Magabata da suka yi gini da ƙasa, bango mai kauri da rufin azara, sun rage wa kansu wannan wahala tun daga tushe. Mu da muka koma bulo da kwano, da kuɗin wuta muke biyan bambancin.

Sai maganar da aka fi cutar mutane da ita, wani lokaci da gangan, galibi kuma don rashin kayan awo. Ka kunna esi, na ciki ya buɗe baki yana hura iska, ka fita wajen na waje ka saurara: wani gurnani na 'yan daƙiƙu, sannan "ƙas", sai shiru. Bayan 'yan mintuna ya sake. Mai gyara ya zo, ya ɗora tafin hannu a kai, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wanga sai haƙuri, kwamfireso ya tafi." Kada a karɓi wannan hukunci daga tafin hannu. Cikin akwatin wayoyin na waje akwai wani ɗan gwangwani da ake kira kafasito, shi ke taimaka wa kwamfireso da fanka su tashi su ci gaba da juyawa. Zafi na gajiyar da shi, kuma in ya mutu alamunsa kusan iri ɗaya ne da na mutuwar kwamfireso. Sau da yawa ido ma na ganewa, domin samansa kan kumbura ko ya tsiyayar da mai. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da na kwamfireso. Ka ce wa mai gyara ya auna shi, ko ya sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon ya gwada a gabanka. Kai dai kada ka sa hannu, yana riƙe wuta ko bayan an kashe.

Mai gyaran da ya san aikinsa, in yana zargin kwamfireso, mita zai fito da ita. Kwamfireson esi na gargajiya, wanda ba inbata ba, ƙafa uku gare shi, galibi da haruffan C da S da R a jiki. Awon C zuwa R in an haɗa da na C zuwa S ya kamata ya yi daidai da na R zuwa S. In wata ƙafa ba ta amsa ba bayan kwamfireson ya huce sosai, waya ta tsinke a ciki. In kuma mita ta nuna wata ƙafa tana haɗe da gangar jikin ƙarfen, ya ƙone, ba sauran magana. Akwai kuma mitar da ke kama waya ta nuna amfiyar da esi ke ja, sai a gwada da lambar da ke rubuce a takardar da aka manna a gefen na waje. Wanda ke jan fiye da abin da aka rubuta bayan an wanke shi kuma wuta ta cika, ya kama hanyar gajiya. Duk wannan awo ba ya ɗaukar rabin awa. Mai gyaran da ya ji haushi don ka nemi ganin lambobin, ka biya shi kuɗin zuwansa ka kira wani.

A auna wutar gidan ma, kuma da yamma, lokacin da kowa a layin ya kunna kayansa. Wutar gidajenmu volt 230 ce a ƙa'ida. In ta sauko ƙasa da 190 ko kusa da haka, kwamfireso na gargajiya yana wahalar tashi, ya ja wuta fiye da kima, wayar cikinsa ta yi ta gasuwa a hankali. Haka kuma in aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, yana bukatar kamar minti uku kafin ya sake tashi lafiya. Gidan da ya ƙona kwamfireso biyu a jere ba rashin sa'a ke damunsa ba. Sitabilaiza yake bukata mai isasshen ƙarfi, da ɗan akwatin nan mai jinkirta wuta, wataƙila kuma da sauya siririyar wayar da aka ja wa esin tun ranar gini. In ba a gyara wannan ba, sabon zai bi sahun tsohon.

Gas ba ya ƙarewa

Wannan ita ce maganar da nake so ta zauna a kan kowane mai esi. Gas ɗin cikinsa ba fetur ba ne da ake ƙonawa. Zagayawa yake yi a rufaffen bututu, ya ɗauko zafi daga ɗaki ya kai waje ya dawo. Esin da aka haɗa da kyau yana iya shekaru ba a ƙara masa ko kaɗan ba. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Wanda ke zuba gas duk farkon bazara ba tare da an nemo ɓular ba, haraji ya ɗora wa kansa, kuma kwamfireson na aiki da zafi fiye da yadda ya kamata, domin gas ɗin da ke dawowa shi ke sanyaya shi.

Alamun yoyo ba ɓoyayyu ba ne: ƙanƙara a kan siririn bututu a wajen na waje, da danshin mai a mahaɗar bututu, wanda ƙura ke mannewa a kai ta yi baƙi. Ana shafa kumfar sabulu a ga inda take tasowa. Inda ɓular take shi ke raba gardama. In a mahaɗa ce, wajen noti, gyara ne mai sauƙi: a yanke bakin bututun, a sake buɗa shi, a ɗaure. In a bututun jan ƙarfe ce wuri guda, ana like ta da walda ta riƙe. Amma in cikin ƙarafan na ciki ko na waje ne, an like nan ta ɓullo can, musamman in bututun na alminiyam ne wanda bai cika karɓar liki mai ɗorewa ba, to ƙarfen ne ya ci kansa. An like sau biyu yoyo ya dawo? Kada a yi na uku.

Abu biyu kada a yarda da su ko da wasa. Kada a bar kowa ya gwada yoyo da iskar oksijin ta masu walda, domin in ta haɗu da man kwamfireso tana iya fashewa. Naitirojin ake amfani da shi. Kada kuma a bar kowa ya ɗura gas ɗin girki ko wani haɗe-haɗen da ba a san asalinsa ba don ya fi araha.

A duba takardar gefen na waje a ga irin gas ɗin. In R22 ne, kwanansa ƙidayayye ne. Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Najeriya ke cikinta, ta tsara yadda za a daina amfani da gas masu lalata rufin ozon na sararin sama. Ga ƙasashe masu tasowa, an daskarar da yawan irin su R22 a 2013, an tsara rage kashi 35 cikin ɗari zuwa 2020, kashi 67.5 zuwa 2025, sannan a kusan dainawa gaba ɗaya a 2030, sai ɗan abin da za a bari don gyaran tsoffin na'urori. Ma'anar wannan ga magidanci a unguwar Badariya ko Gesse ta Birnin Kebbi ita ce gas ɗin zai yi ta ƙaranci, jabu kuma ya samu kasuwa. Sababbin esi R410A ko R32 suke amfani da shi, kuma ba a musanya su da R22, domin matsinsu ya fi nasa sosai, man kwamfiresonsu ma daban ne. Esi mai R22 da ke aiki lafiya, a bar shi ya ci gaba, ba dalilin tayar da shi. Amma ranar da kwamfiresonsa ya ƙone, ni ba na ba da shawarar a sa masa wani. Ƙonewa tana gurɓata man da ke cikin bututun gaba ɗaya, sai an wanke shi tas, kuma kwamfireson da za a samo galibi na hannu ne, ba wanda ya san shekarun da ya yi yana aiki kafin ya iso. Ƙa'idar da aka saba bi ta wadatar: in esi ya doshi shekara 10, kuɗin gyaransa kuma ya doshi rabin kuɗin sabo, a haƙura da shi.

Akwai kuma wanda bai lalace ba, amma yana cin gida. Mai mitar kati yana iya kama shi da kansa. A kashe komai na gidan, har firji, a rubuta yunit ɗin da ke kan mita, a kunna esin awa biyu a ɗaki rufe, a sake dubawa. A yi irin wannan awo a gidan ɗan'uwa ko abokin da ke da sabon esi mai ƙarfi ɗaya, a ɗaki mai kama da naka. A ce in an ninka zuwa awannin dare, bambancin ya kama yunit huɗu a dare. A wata yunit 120 ke nan. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin yunit na rukunin A zuwa naira 225, daga baya aka ɗan rage. Wanda ke wannan rukuni, a farashin 2024, yunit 120 ya haura naira 24,000 a wata. Wanda ke ƙaramin rukuni kuɗinsa bai kai haka ba, amma shi ne ya fi dogaro da janareta, kuma tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 kowace awa ta inji tana da ciwo. Kowa ya yi lissafin da nasa farashin, ya ninka da watannin da yake kunnawa a shekara, ya ga shekara nawa bambancin zai biya kuɗin sabo. In ya yi shekara biyu ko uku, sauyi ya fi. Wanda kuwa ba ya kunna esi sai Afrilu da Mayu, lissafin zai nuna masa ya riƙe tsohonsa.

In an yanke shawarar saye

Abu na farko da za a nema a jikin kwali ko takardar na waje shi ne T1 ko T3. Ba kowane mai shago ke ambatonsa ba. Esi mai T1 an gwada ƙarfinsa ne a zafin waje na digiri 35, iyakarsa kuma wajen 43. Mai T3 an gwada shi a 46, kuma an yi shi ya jure har 52. A Legas wannan bambanci ba ya damun kowa. A kwarin Rima kuwa, inda na waje kan zauna jikin bangon da rana ta gasa tun hantsi, shi ne bambancin esin da ke aiki da la'asar da wanda ke sarewa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. In an samu T3, ƙarin kuɗinsa bai ɓaci ba. In ba a samu ba, a kafa na wajen a bangon arewa ko inda inuwa take, a yi masa rumfa mai tsawo wadda ba za ta tare masa iska ba, a kuma bar tazara tsakaninsa da bango.

Sai inbata. Esi na gargajiya in zai tashi yana fizgar wuta ninki da yawa na abin da yake ci in ya daidaita, shi ya sa janareta ke durƙusawa in an kunna shi. Mai inbata a hankali yake tashi, in ɗaki ya yi sanyi kuma ya rage gudu maimakon ya mutu ya sake tashi. Ga mai sola ko matsakaicin janareta, shi ne zaɓi. Waɗanda suka sha duhu lokacin da gobara ta kama tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi a Satumbar 2023, abin da ya shafi har Sakkwato da Zamfara, sun san amfanin na'urar da inji zai iya ɗauka. Amma yana da nasa lagon: fanel ɗin lantarkin da ke cikinsa. Tsawar farkon damina, wutar da ta dawo da ƙarfi, ko ƙadangaren da ya shige akwatin na waje neman mafaka, kowanne na iya ƙona shi, kuma fanel yana da tsada. Kafin a biya kuɗi a tambayi mai shago: in fanel ya ƙone, ana samunsa a nan, ko sai an aika Sakkwato ko Kano ko Legas? Akwai wanda ya iya gyaransa a gari? Takardar garanti fa, wa zai karɓe ta? Mutumin Argungu ya ƙara da tambayar ko mai gyaran zai zo har gida. Na hannu da ake kira 'yan Beljiyam suna da sauƙin kuɗi, sai dai da yawansu R22 ne, an kuma yi su don ƙasashen da ba su san zafinmu ba. Araha ba ta ado.

Girma kuma a daidaita shi da ɗaki. Mai ƙarfin doki ɗaya, wato BTU 9,000, yana isar ɗaki ƙafa 12 da 12 mai silin. In ɗakin na shan ranar yamma, ko a saman bene yake, a hau zuwa ɗaya da rabi, BTU 12,000. Falo yakan bukaci biyu, BTU 18,000. Wuce gona da iri ma ba riba: wanda ya fi ƙarfin ɗaki yana saurin kashe kansa kafin ya tsane danshin iska, sai a ji ɗaki da sanyi amma jiki na danƙo, abin da aka fi ji da damina a unguwannin da ke kusa da fadama.

Ranar haɗawa a tsaya a kai. A sa sabon bututu, kada a maida na tsohon mai R22. A tabbata mai haɗawa ya zo da injin zuƙe iska, ya zuƙe iska da danshin cikin bututun kafin ya saki gas; masu gaggawa sukan tsallake wannan su ɗan saki gas ya kore iskar, kuma daga nan ciwon esi da yawa ke farawa. R32 yana ɗan kama wuta, don haka ba walda ba sigari a kusa in ana aikinsa. Tsohon kuma, in kwamfiresonsa na tashi, a sa a tattara gas ɗinsa cikin na waje kafin a kwance, ya fi daraja a haka ko da 'yan gwangwan za a ba.

Sauran kayan sanyi hukuncinsu ya fi sauƙi. Fankar da ta rage gudu galibi ɗan kafasitonta ne, mai ƙara kuma boris. Sai naɗin wayarta ya ƙone ake tunanin sabuwa. Kula mai ruwa da ƙa'idar randa take aiki, ruwa na bin iska yana tafiya da zafi, shi ya sa take da daɗi a Maris da Afrilu lokacin da iska ta bushe, ta kuma zama ba ta da amfani in damina ta kankama. Wanda ya ga ta daina sanyi a Agusta kada ya ce ta lalace, sai dai ya zubar da ruwanta ya busar da ita kada sauro ya yi gida. In ta gaza a tsakiyar bazara, a duba famfonta da takardun da ruwa ke jiƙawa, waɗanda gishirin ruwan rijiya ko na burtsatse ke toshewa. Ana sauya su kaɗai.

Ɗumama ɗaki kuwa bukatar 'yan makonni ce a Disamba da Janairu, kuma yawancin esin da ake sayarwa a ƙasar nan sanyi kawai suke yi. Hitar lantarki da wayarta ke zafi a hannu, ko fulogi ya narke, ko tana warin ƙonewa, ba a ja da ita, a sauya. Hitar ruwan wanka da tankinta ya fara yoyo ita ma ba ta gyaruwa, kuma in famfo ya taɓa jan wani da wuta, a kashe ta daga bireka har sai mai aikin waya ya duba. Kaskon garwashi da ake shigar wa tsofaffi da masu jego, hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari ba shi da launi: a bar taga a buɗe in yana ciki, a kuma fitar da shi tsakar gida kafin a kwanta.